An Ɗaura Aurena Ina Bakin Nilu Ina Cinikin Jirgi

Ina da shekara goma sha ɗaya aka yi auren ƙanwar mahaifiyata a gidanmu na Funtuwa, kuma a ranar na fara jin haushin yadda ake ɗaura aure. Amarya tana ƙuryar ɗaki an lulluɓe ta, zafi ya ishe ta, tana ta tambayata ko an sauko daga masallaci. Can sai wata mata ta leƙo ta ce an ɗaura, aka ɗauki guɗa. Shi ke nan. Ita da aka taru dominta ba ta ji ko kalma ɗaya ba, labari aka kawo mata kamar yadda ake kawo labarin farashin masara daga kasuwa.

Da yamma na sami Baba a shagonsa. Gyaran agogo yake yi a wani ɗan shago da ke jikin zauren gidanmu, kullum da ƙaramin gilashi maƙale a ido ɗaya. Na tsaya a kansa na ce ni dai ranar da za a ɗaura nawa sai ina wurin, sai na ji da kunnena. Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ke, matsa, kin tare mini haske."

"Ke" shi ne sunana a bakin Baba. Ni ce 'yar fari, shi kuma mutumin zamanin da ne, kunyar ɗan fari ta kama shi kamun da ba ta taɓa saki ba. Ƙannena duka yana kiran sunansu, har da na tsokana. Ni kuwa in yana nemana sai ya ce, "Ina babbar?" Ko a makaranta aka tambaye shi sunana, takardar haihuwa yake miƙawa ya ce a duba. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba, haka na taso na gani a gidaje da yawa. Amma ba zan yi ƙarya in ce bai taɓa yi mini ciwo ba.

Shekara goma sha shida bayan wannan ina Alƙahira, ina shekarar ƙarshe a karatun shari'a, muna haya mu huɗu a wani bene a Madinat Nasr. A unguwar Hayyin Ashir na haɗu da mutumin da na aura. Na shiga shagon wasu 'yan Sudan neman busasshiyar kuɓewa, na ji tsadar, na yi mita da Hausa don na tabbata ba mai ji. Sai wani dogo da ke bayana ya ce, "Wallahi kin yi gaskiya, 'yar uwa, amma ki rage murya, mai shagon kawuna ne." Hausarsa irin ta kakanni ce, wadda aka ɗauko a ƙafa za a kai Makka, ta yada zango a Sudan ta sha Larabci ta ƙoshi. Yaƙi ne ya koro shi da mahaifiyarsa zuwa Masar, mahaifinsa kuma a can suka binne shi kafin su fito. Yana aiki a wani ofishin fassara takardu a unguwar Dokki. Tun ranar yake kirana ustaza, wai don na fi shi iya gardama.

Ba a ɓoye muka yi nemanmu ba. Gida sun sani. Baba ya yi bincikensa ta hannun wani malami da ya taɓa karatu a Sudan, sannan ya sa Gwaggo, ƙanwarsa, ta kira ni ta tambaye ni ko ina son mutumin, tunda shi ba zai iya yi mini wannan tambayar da bakinsa ba. Na ce ina so. Aka bar magana a kan sai na gama karatu. To amma ni na riga na hango yadda za ta kaya. Shi ba shi da hanyar zuwa Najeriya cikin sauƙi da irin takardunsa, don haka zai zauna a Alƙahira, ni a kai ni ƙuryar ɗaki a lulluɓe, maza su taru a masallaci su gama komai, wata mata ta leƙo ta ce an ɗaura. Duk lokacin da na tuna haka sai raina ya ɓaci.

A aji na sami mafita, ko abin da na ɗauka mafita ce. A nan Masar dokar aure tana bin mazhabar da ta yarda mace baliga ta ɗaura wa kanta aure. Na karanta babin sau uku, na ja layi da jan biro, na ji kamar ni aka rubuta wa. Na tsara komai ni kaɗai kafin in gaya wa mutumin nawa. Da safe mu je ofishin da ake ɗaura auren baƙi mu sa hannu, ni da bakina in ce na yarda. Da yamma mu hau faluka, ƙaramin jirgin nan mai filafilan yadi, mu da shaidu biyu, a tsakiyar Nilu a karanta fatiha rana tana faɗuwa a bayan benayen Giza. Ba taro, ba anko, ba 'yan rakiya. In an gama mu kira gida mu ba da labari, su ma su ɗanɗana yadda ake ji.

Da na gaya masa ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ya ustaza, Baba fa?"

Na ce, "Baba ya riga ya yarda da kai. Wuri kawai na canza."

Bai ƙara cewa komai ba. Ni kuma na ɗauki shirunsa a matsayin amincewa, don a lokacin haka nake ɗaukar shirun kowa.

Ofishin auren baƙi yana hawa na sama a wani tsohon gini a tsakiyar gari, lif ɗinsa yana aiki ranar da ya ga dama. Wata ma'aikaciya ce ke bayan taga, babbar mace mai tabarau rataye da sarƙa, kowa yana ce mata madam. Ta zayyano mana abin da ake buƙata ba tare da ta dube mu ba: fasfo, izinin zama wanda bai mutu ba, hotuna, takardar gwajin lafiya daga asibitin gwamnati, shaidu biyu da katinsu, sai kuma takarda daga ofishin jakadancin kowannenmu da ke cewa ba mu da wani aure kuma ba abin da ya hana. Kowace takarda sai an fassara ta, an manna mata kan sarki, sannan an buga mata hatimin nan mai hoton mikiya, wanda in babu shi a Masar ko takardar haihuwarka ce a hannunka ba a haife ka ba tukuna. Na rubuta duka a bayan littafin fiƙihu.

Wata guda muka yi muna yawo. Mikrobas, wato ƙaramar bas ta haya, daga Madinat Nasr, jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Dokki, layi, a ce mana bukra, wato gobe, mu dawo goben a ce mai hatimin ya fita salla. An ɗebi jinina, an auna ni, an ɗauke ni hoto har sau biyu don na farko wai mayafina ya rufe goshi. Ban gaji ba. Ni da nake jin haushin layin burodi, sai ga ni ina tsayuwar awa uku ina murmushi, don kowane hatimi yana ƙara matso da ni kusa da jirgin nan. Shi da yake aikinsa ke nan, ya san wace taga ake fara zuwa, nasa takardun suka haɗu kafin nawa. Saura guda ɗaya tak, tawa ta ofishin jakadanci. A can aka ce ba za su rubuta cewa ba ni da aure ba sai mahaifina ko waliyyina ya je kotu a gida ya yi rantsuwa a rubuce, a turo.

A nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Ranar Litinin na kira Baba na ce makaranta ce ke neman wata takarda don sabunta izinin zamana, ya je kotu ya rantse cewa ni 'yarsa ce kuma ba ni da aure. Na faɗa da sauri, kamar mai karanta abin da ta haddace. Ina jin agogunan shagonsa suna ta bugawa. Sannan ya ce, "To." Na ajiye waya ina yaba wa kaina wayo.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka je bakin kogi ta ɓangaren Dokki don mu zaɓi jirgi. Na ƙi na farko don kujerunsa sun yage, na ƙi na biyu don an ɗaura masa lasifika da fitilu masu walƙiya kamar shagon aski. Na ukun na wani tsoho ne mai rawani, jirginsa tsaf, farin yadi, ba kiɗa. Muka tsayar da ranar Alhamis ta makon jibi, na ce masa ina so mu kasance a tsakiyar ruwa daidai lokacin da rana za ta taɓa saman benaye, ba kafin nan ba, ba bayan nan ba. Tsohon ya yi dariya ya ce rana ba ta hannunsa amma zai yi mata magana. Mutumin nawa yana gefe, tun safe ba shi da walwala, sai duba agogo yake yi. Na zaci yunwa ce.

Ina cikin yi wa tsohon ciniki wayata ta yi ƙara. Gwaggo ce. Ina ɗauka guɗa ta cika mini kunne, ba ta mutum ɗaya ba, har sai da na janye wayar. Da ta lafa Gwaggo ta ce, "Amarya, an ɗaura. Yanzu maza suka shigo daga masallaci. Allah ya sa gidan zamanki ne."

Na ce, "Gwaggo, auren wa?"

Ta ce, "Ji 'yar nan. Naki mana. Da Basudanenki."

Ban san lokacin da na zauna a kan matakalar siminti ba. Gwaggo tana ta magana, wai an raba goro da dabino, wai masallaci ya cika har waje, wai maƙwabcinmu mai sayar da taya shi ya tsaya wakilin ango, kuma shi ya biya sadaki daga aljihunsa ya ce gudummawarsa ce ga maraya. Ina jin kalmomin ɗaya bayan ɗaya amma sun ƙi haɗuwa su zama magana. Na dubi hannuna, ko lalle babu. Na dubi takalmina, silifas ne na zuwa kasuwa. Wai ni ce matar aure, tun minti ashirin da suka wuce, ina nan ina gardama da tsoho a kan kujerun jirgi.

Na ɗago don in gaya masa, sai na ga ba ya buƙatar a gaya masa. Ya sunkuyar da kai, ya haɗa hannuwa a baya kamar ɗalibin da aka kira ofishin shugaban makaranta. Wannan ya fi kiran Gwaggo girgiza ni.

Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

Ya ce, "Laraba."

"Laraba. Jiya muka yini tare a layin fassara."

"Na'am."

Ya ba ni labari a tsaye, muryarsa ƙasa-ƙasa. Baba ya je kotu ranar Laraba da safe. Magatakardan da ke rubuta rantsuwa ya tambaye shi wace ƙasa, ya ce Masar, sai ya ce masa, "Allah ya sanya alheri, Malam, aure za ta yi a can ke nan," don shi ya saba, irin wannan takardar ba makaranta ke nemanta ba. Baba ya karɓi katinsa ya fito bai rantse ba. Da azahar ya kira mutumin nawa. Bai yi faɗa ba, bai ma ambaci takardar da zafi ba. Cewa ya yi, "Ɗana, in aure kuke so, ni ban hana ba. Jibi bayan Juma'a zan ɗaura. Wa ka wakilta?" Shi kuma ya ce ba shi da kowa a Najeriya. Baba ya ce, "Kana da ni. Zan samo maka." Sannan ya roƙe shi kada ya gaya mini sai an gama.

Ya ce, "Ya ustaza, ma'alish, ki yi haƙuri. Tun da muka binne mahaifina ba wanda ya ce mini ɗana. Ban iya ce masa a'a ba. Ke kuma na kasa kallon idonki in faɗa."

Na ce masa maganganu a bakin kogin nan waɗanda ba zan rubuta su ba. Tsohon mai jirgi bai ji Hausa ba amma ya gane, ya koma can ƙarshen jirginsa yana gyara igiyar da ba abin da ya same ta. Na tare tasi na tafi ni kaɗai. A hanya direban ya yi ta kallona ta madubi, don ina ta cewa "an ɗaura" a fili ba tare da na sani ba.

Washegari na baje littattafaina a ƙasa ina neman inda zan kama in ce auren bai ɗauru ba. Na duba waliyyi, akwai, uba ne ma. Shaidu, masallaci guda. Sadaki, an bayar. Yardar amarya, ni da bakina na ce wa Gwaggo ina so, ba wanda ya matsa mini. Wakilcin ango, shi ya bayar. Shekara huɗu ina karatun nan ina taƙama da shi, ranar da na neme shi ya tsaya mini sai ya tsaya wa Baba. Abokan zamana suka yi ta leƙowa, ɗaya ta fara cewa mabruk, wato barka, na yi mata kallon da ya sa ta haɗiye sauran.

Ranar Lahadi na koma wurin madam ni kaɗai, da jakar takarduna. Na yi mata bayani da Larabcina na aji, wanda kullum yake ba Misirawa dariya. Wannan karon ta cire tabarau ta dube ni sosai. Ta ce, "Wato an aurar da ke ranar Juma'a, ke kina nan, ango yana nan?" Na ce haka ne. Ta kira abokiyar aikinta ta maimaita mata, su biyu suka yi ta jinjina kai. Sannan ta ce, "To mabruk, 'yata. Amma nan taga ce ta marasa aure. Mu ɗaurawa muke yi, ba ma ɗaura abin da aka riga aka ɗaura. Ki sa a rubuto miki takardar aurenki daga ƙasarku, a buga mata hatimi a can, a kawo nan a fassara, a buga mata namu. Wani layin ne daban, ba a wannan ginin ba." Ta turo mini jakata ta ƙarƙashin gilashi. Wata guda na hatimai, gwajin jini, hotuna biyu, duk sun tashi a banza.

A kan matakala na tsaya, wani tunani ya zo mini. Ba wata takarda a Masar da ta nuna an yi auren nan. In Baba ya turo rantsuwar, zan iya dawowa wannan tagar in yi nawa yadda na tsara. Ban ko sauka ƙasa ba na kira shi.

Na gaishe shi a gajarce na ce, "Baba, takardar nan har yanzu ina buƙatarta."

Ya ce, "Wacce?"

"Ta kotu."

Ya ce, "Ranar Laraba da a ce na rantse, da gaskiya na faɗa, amma ke kin yi mini ƙarya. Yau in na rantse ni ne maƙaryacin. Ke matar aure ce. Ba zan ɗauki Alƙur'ani a kan ba ki da miji ba."

Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Na ce abu ɗaya na taɓa roƙo a rayuwata, in kasance a wurin, kuma shi ya sani, ya ƙwace mini da gangan. Na ce an yi da ni kamar yadda ake yi da akuya, ana cinikinta tana ɗaure a wani gida. Muryata ta cika matakalar, wani mutum da ke hawowa ya raɓa bango ya wuce. Baba ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Na sa uwarki ta turo miki abu a waya. In kin huce ki saurara." Ya kashe.

Na ga saƙon. Murya ce, minti goma sha ɗaya, daga wayar Inna, don shi Baba har yau ƙaramar waya mai madannai yake riƙewa. Na ce wa'azi ne, na ƙi buɗewa. Kwana goma sha ɗaya yana zaune a wayata. A cikin kwanakin surukata ta aiko mini da turaren wuta da humra irin tasu ta Sudan a cikin kwalabe, na tura ƙarƙashin gado, ɗakin ya yi ta ƙamshi duk da haka. Mijina, don dole in fara kiransa haka, yana turo gaisuwa kowace safiya, ina karantawa ba na amsawa. Ina zuwa aji, ina dawowa, in na ga fuskata a madubin lif sai in ce wa kaina matar aure, in ji abin kamar a kan wata ake magana.

Ranar Alhamis ɗin da muka tsayar mijina ya turo saƙo da azahar. Ya ce tsohon mai jirgi ya kira, yana jiranmu, kuma shi zai je ko ni ban zo ba don bai kyautu a bar dattijo yana jira ba. Na ce ba zan je ba. Ƙarfe huɗu na sa doguwar rigar da na ɗinka domin ranar, don haushin kada ta tashi a banza ita ma, na hau mikrobas.

Ba shaidu, ba fatiha. Mu biyu ne da tsohon. Na zauna a wannan gefe, shi a wancan. Iska ta kama yadin, hayaniyar motoci ta ja baya, ruwan ya yi faɗi. Wurin ya yi kyau yadda na zata, har ya fi, kuma kyan ya ƙara mini baƙin ciki. Da muka kai tsakiya ya ce, "Kin saurari saƙon Baba?" Na ce a'a. Ya ce, "Ni ma ya turo mini. Ki saurara, ya ustaza. In kin gama ki ci gaba da fushi da ni, ban hana ba."

Na sa abin ji a kunne na danna.

Da farko muryar Inna ce tana cewa, "Ka ga jan nan? Kada ka taɓa shi, ka sa a aljihu kawai." Sai ƙarar yadi yana gogar waya. Sai wata ƙara da na sani tun ina jaririya, tik, tik, tik, agogon aljihun Baba, wanda yake sawa a aljihun ƙirji. A nan ya sa wayar. Na ji takunsa, na ji gaishe-gaishe, na ji fankar masallacinmu mai kukan nan da aka kasa gyarawa tun ina firamare. Mutane suna tari, ana cewa a matso gaba. Wa'azin da nake jira bai zo ba. Ɗaurin aurena nake ji.

Liman ya yi salati ya tambayi wakilin ango, mai taya ya amsa da muryarsa mai kauri. Sannan ya tambayi waliyyin amarya. A garinmu uba ba ya ba da 'yarsa da bakinsa, ƙaninsa ko wansa yake wakiltawa, shi ya koma bayan sahu ya sunkuyar da kai, balle 'yar fari. Na ji Baffa, ƙanin Baba, ya gyara murya ya fara cewa, "Ni ne." Sai muryar Baba ta fito daga cikin ƙirjin da wayar take kwance a kai, kusa har ta firgita ni.

"A'a. Ni zan bayar da kaina."

Masallacin ya ɗan yi guna-guni. Wani tsoho ya ce, "Ikon Allah." Liman ya ce to, babu laifi, sannan ya ce, "Malam, sunan yarinya."

Shiru. Agogon yana bugawa. Na ƙirga bugu tara, daga baya, don na maimaita wurin ba adadi. Baffa ya yi ƙasa da murya ya ce, "Yaya, bari in faɗa." Baba ya ja numfashi, na ji yadin rigarsa ya motsa, sannan ya faɗi sunana. Cikakke, yadda aka raɗa mini, a hankali kamar mai ɗaukar ƙaramin ƙarfen agogo da hantsaki. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa jin yadda sunana yake a bakinsa ba. Liman ya sa aka maimaita bayarwar sau uku kamar yadda ake yi, sau uku yana faɗa, a na ukun muryarsa ta karye a tsakiya ya tsaya ya sake.

Aka shafa fatiha, aka yi ta amin. Sai hayaniyar fita, takalma, masu cewa Allah ya sanya alheri. Can ƙarar ta canza, ya ciro wayar daga aljihu, numfashinsa ya cika ta. Ya ce, "Kin ce sai kina wurin. Iyakar abin da na iya ke nan. Ni ma na so in kasance a wurin." Sai ya yi ta laluben inda ake kashewa, yana cewa, "Ina jan yake?"

Ban san ya ji ni ba ranar da na tare masa haske. Shekara goma sha shida yana riƙe da maganar yarinya 'yar sha ɗaya. Ni kuwa na zauna da jan biro na tsara jirgi, da yadi, da inda rana za ta tsaya, da kujerun mutum huɗu, ban taɓa tambayar kaina ko akwai wanda shi ma yake so ya ji da kunnensa ba. Abin da na yi shekaru ina ƙorafi a kai shi na shirya yi masa, in kira shi daga nesa in ce an ɗaura. Kunya ta rufe ni, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina ƙarama, har tsohon ya miƙo wa mijina kwalbar ruwa ya ce ya ba ni. Rana ta faɗi a bayan benayen daidai yadda na yi oda, ni ban gani ba, sai daga baya mijina ya gaya mini.

Har yau in aka tambaye ni ina cewa ban halarci ɗaurin aurena ba, kuma wani ɓangare na zuciyata bai daina jin haushin hakan ba. Takardar auren ma sai da ta ci wata biyar kafin mikiya ta sauka a kanta. Amma a cikin jirgin nan, kafin mu juyo bakin gaɓa, na share fuska na kira Baba. Na shirya magana mai tsawo, ta ban haƙuri. Ya ɗauka, agogunan shagon suna bugawa a bayansa.

Na ce, "Baba, na saurara."

Ya ce, "Ke ce? To, madalla. Ina mijin naki, ba ni shi mu gaisa."

Na miƙa masa wayar, na tashi daga gefena na koma nasa na zauna.